Ɗigon Jini a Ƙarƙashin Fitila

A wani ɗakin gwaje-gwaje na Maraɗi akwai ma'aikaciyar da aikinta ba ya kammala sai cikin duhu. Idan aka kawo jinin yaro, takan gauraya shi da sinadarin NADP da wani nau'in sukari, ta ɗiga a kan takardar tacewa. Bayan ya bushe, sai ta kashe wuta, ta kunna fitilar ultrabayolet.

Abin da take nema shi ne NADPH, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Enzayim mai suna G6PD ne ke samar da shi daga NADP, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin wannan fitila. Ɗigon da ya ƙi haske gargaɗi ne: maganin zazzaɓin cizon sauro irin firimakwin na iya farfasa jinin yaron, har fitsarinsa ya yi baƙi.

Ernest Beutler ne ya fito da dabarar a Amurka a 1966, amma tana da tarko. Yaron da aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ɗigonsa kan haskaka da lafiyar aro. Shi ya sa kafin ta taɓa kwalba takan fita ta tambayi uwar: "Baiwar Allah, an ƙara masa jini?"