Takaba wata huɗu da kwana goma, doka kuma wata uku

Maganar wannan watan ba mai daɗin ji ba ce, amma ki daure ki karanta, musamman idan maigidanki direban ma'aikata ne, ko ma'aikacin da ake turawa rangadi, ko kuma shi ne ogan da aka ba mota da direba. Ke ma da mijinki bai taɓa aikin gwamnati ba kada ki wuce, domin titi ɗaya yake bi da motocinsu. Abin da nake so mu duba shi ne me ke biyo baya idan motar gwamnati ta yi haɗari a bakin aiki, kuma ina haƙƙin iyali yake.

Bari in fara da wanda aka buge. A Nijeriya akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai son kai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, to ya shigar da ita cikin wata 3. Jihohi da yawa ma suna da irinta. To ki lissafa da kanki: takaba wata 4 ce da kwana 10. Ke nan matar da motar ma'aikata ta kashe mata miji, idan ta ce sai ta yi wankan fita takaba sannan ta waiwayi maganar, tana iya tarar da ƙofar kotu a rufe tun kwana 40 da suka wuce. Lauyoyi sun san 'yan hanyoyin da kan sa kotu ta saurari ƙara bayan wa'adin, amma ba abin dogaro ba ne.

Na ga wannan a unguwarmu. Mijin maƙwabciyata ɗan acaba ne, motar wata ma'aikata ta banke shi a shataletale, ya kwana biyu a asibiti ya cika. Ranar sadakar uku jami'ai suka zo da buhun shinkafa da ambulan, suka yi gaisuwa mai kyau, suka ce za a duba lamarin. Dangi suka ce a bari ta fita takaba tukuna, ba a maganar kuɗi a kan gawa. Da aka koma daga baya, wanda ya yi alkawarin an yi masa canjin wurin aiki, sabon kuma ya ce bai ga komai a fayil ba. 'Ya'ya biyar ya bari. Ban ce jami'an nan mugaye ba ne, sai dai ofis ba ya tuna alkawarin baki, takarda kawai ya sani.

Ba cewa nake ki bar ɗaki ki shiga zaryar ofisoshi ba. Wakili za ki naɗa, wanki ko ƙanin mamaci mai gaskiya, tun a makon farko. Ya karɓo rahoton 'yan sanda, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, idan jami'anta sun je wurin. Ya rubuta lambar motar da sunan direba da na shaidu, ya adana takardun asibiti da rasit ɗin magani komai ƙanƙantarsa, da takardar shaidar rasuwa. Sannan a rubuta wa ma'aikatar wasiƙa, a sa su buga hatimi a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Idan babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ba a biyan ko kwabo kafin ta saurare ki. Amma ki sani, kai koke can ba ya tsayar da lissafin wata ukun nan.

Na san abin da ake cewa: ƙaddara ce, a bar wa Allah. Wallahi ƙaddara ce, babu mai musu. Amma Ubangijin da ya ƙaddara shi ne ya shar'anta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, kuma ya bar yafewa a hannun magada. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wani kawu kan miƙe a zaman makoki ya ce mun yafe, alhali ba shi zai ciyar da marayun ba. Ki tambayi malamai, za su gaya miki cewa ba kowa ke da ikon yafe rabon yaro ƙarami ba.

Yanzu ke matar direba. Yayana ya shekara 19 yana tuƙa motar ma'aikata, kuma daga bakinsa na fara jin muhimmancin littafin nan da ake ajiyewa a mota, wanda ake rubuta inda za a je, da wanda ya ba da izini, da lokacin fita da na dawowa. Yakan ce ranar lafiya babu mai kallonsa, ranar tsautsayi kuwa shi ake fara buɗewa. Domin tambayar farko ita ce: a bakin aiki yake ko kuwa? Idan amsar e ce, ma'aikata na da alhaki tare da shi. Idan a'a ce, sai a bar shi da tuhuma, da kuɗin gyaran mota a albashinsa, da iyalan wanda ya buge.

Idan shi ne ya ji rauni ko ya rasu, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. A ƙarƙashinta mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, ba a cire wa ma'aikaci komai. Dokar ta ce a sanar da ofis cikin kwana 14, ofis ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a kuma nemi diyyar cikin shekara 1. Har haɗarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki ta haɗa. Ban da ita, dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai ga ma'aikaci, wadda ba za ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Wannan ta tarayya ce, jihohi kowace da tsarinta, kuma ba kowane ofis ne ke zuba kuɗin a kan kari ba. Saboda haka ki lallaɓa maigida ya tambaya tun yana da lafiya. Ki kuma tambaye shi sunan wa ya rubuta a fayil a matsayin makusancinsa. Da yawa sun rubuta mahaifi tun suna samari, mahaifin ya rasu, ba su sake ba. Ba wai wanda aka rubuta ne zai cinye ba, gado dai sai yadda Shari'a ta raba, amma shi ofis zai nema.

Saura ke Hajiya, matar oga. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar Asabar kin kira direban ofis ya kai ki biki Zariya, ko ya kai yara Islamiyya, ko ya ɗauko miki kaji a kasuwa. Ba zai iya ce miki a'a ba, kin sani, shi ma ya sani. Wannan tafiyar ba ta cikin littafi. Idan Allah ya kawo tsautsayi a hanya, wa zai tsaya gaban kwamitin bincike ya ce ni na aike shi? Sau tari sai a ce ya ɗauki mota ba da izini ba, shi kuma ya yi shiru don kada ya tona asirin gidanku, matarsa na gida da goyo ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Idan tafiyar ta zama dole, ki hau motar gida ko ki ɗauki shata. Idan kuma direban kike so saboda kin yarda da hannunsa, to ki ba shi makullin taku, ki biya shi ladan ranarsa, ki kuma tabbata inshorar motar ba ta ƙare ba.

Abu ɗaya da ya kamata kowa a gidan ya haddace shi ne lambar gaggawa ta FRSC, wato 122. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, don haka a fara kai mai rauni asibiti, takardun su biyo baya. Ki samo jakar leda mai kauri ki zuba kwafin lasisin maigida, da takardar ɗaukarsa aiki, da lambar asusun fanshonsa, da takardar albashinsa ta baya-bayan nan, ki sa a ƙasan akwatinki, ki nuna wa babban ɗanki inda take.