Ta Ciki Na Ciki: Abubuwan Da Muke Binnewa A Zaman Kurmi



A cikin ayyukan da ke zuwa teburin sakatare, babu mai cin lokaci kamar zaman sulhu. Mutum biyu za su zo da ƙara a kan naira dubu biyar, ko a kan an matsa da tebur taku ɗaya ya shiga gaban rumfar wani. Mu buɗe littafi mu rubuta abin da kowa ya faɗa. Sai zama ya yi nisa, shayi ya huce, sannan ainihin maganar take leƙowa: "Tun da mahaifiyata ta rasu bai tako ya yi mini gaisuwa ba." A tambaya yaushe ta rasu, a ji shekara uku. Shekara uku mutum na gaisawa da maƙwabcinsa kullum safiya, suna sahu ɗaya a masallaci, abin na nan a ƙasan zuciya yana tsima.

Mu Hausawa an tashe mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, kafin a duba ciwon an ce masa namiji ba ya kuka. Uwa tana jin ɗanta na fari har cikin ƙashinta, amma alkunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta rungume shi a gaban mutane. Ba mu ce a yar da kunya ba, ita ce adonmu, kuma duk wanda ya zauna cikin wasu ƙabilu ya san darajar da take ja mana. Sai dai akwai abin da muke sakawa a buhun kunya da buhun haƙuri alhali ba nasu ba ne.

Zaman kurmi kuma ya ƙara wa buhun nauyi. Mai gida ya ƙara kuɗin haya ba sanarwa, ka ce ba komai. 'Yan tasha su karɓi kuɗin tikiti sau biyu a rana ɗaya, ka biya ka yi murmushi, domin ka san kai baƙo ne, kuma ƙaramar magana tana iya zama ta gari. Waɗanda suka ga Shagamu a 1999, ko Idi-Araba a 2002, ko Mile 12 a 2016, ko kasuwar Shasha nan Ibadan a watan Fabrairun 2021, ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalilin haɗiye magana. Bayan kowace tarzoma mukan tara gudummawa, a rubuta sunayen waɗanda rumfunansu suka ƙone, a ƙirga buhunan albasa da kwandunan tumatir da suka salwanta. Amma babu layi a littafinmu da ake rubuta wanda har yau in taya ta fashe a titi sai gabansa ya faɗi, ko wanda yake kwana da takalmi kusa da kai. Shi ma ba zai faɗa ba. In ka tambaye shi, lafiya lau, sai godiya.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Siwizalan, Karl Yung, wanda ya rasu a 1961, ya kira wannan sashe na mutum da suna inuwa. Abin da yake nufi shi ne duk halin da ka ƙi yarda akwai shi a tare da kai, ka tura shi baya don kada mutane su gani, har kai kanka ka daina ganinsa. Amma yana biye da kai duk inda ka sa ƙafa. Ya kuma lura cewa abin da mutum ya musanta a kansa, shi yake saurin hangowa a jikin wasu. Wannan ba sai Bature ya faɗa mana ba. Mun san mai cika majalisa da zancen wane mahassadi ne, alhali tun ranar da yaron da ya sauka a ɗakinsa ya buɗe shago na biyu bai sake barci mai daɗi ba.

Bari mu tsaya a kan hassadar nan, don ita ce aka fi jin nauyin ambata. Kai ka riga shi zuwa. Kai ka tarbe shi a tasha da 'yar jakarsa, ka nuna masa inda ake sari, ka tsaya masa a wurin dillali. Yau yana loda tirela, kai kana nan da baro. In an ce maka kana jin wani abu, za ka rantse ba ka ji, kuma har zuciyarka ka gaskata rantsuwar. To amma me ya sa gaisuwarsa ta koma yi maka kama da raini? Me ya sa duk alherin da ya yi sai ka ce riya ce? Mutumin da ya iya cewa a ransa, "E, abin ya yi mini zafi, na so a ce ni ne," ya fi kusa da kuɓuta, domin yanzu ya san abin da zai nemi tsari da shi, yana iya yi wa ɗan uwansa addu'ar albarka da saninsa. Wanda ya ce shi sam ba ya hassada, ita ce za ta riƙa juya masa harshe bai sani ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa rai hawa-hawa ne: akwai mai umarni da mummuna, akwai mai zargin kansa, akwai wanda ya natsu. Ba a tsallake na tsakiya, kuma rai ba ya zargin kansa a kan abin da ya ce babu shi.

Haka baƙin ciki. Da yawanmu an binne mana uwa ko ɗa muna nan, sai dai waya. Kafin ka samu motar arewa an riga an yi sutura, wani ma sai bayan sadakar bakwai yake isa. Ka dawo, washegari ka buɗe rumfa, domin kaya ba sa jiran makoki. Wani dattijo da muke girmamawa ya taɓa ce mana shekara goma sha ɗaya bai iya kallon yarinya mai talla 'yar kimanin shekara tara ba sai ya kau da kai, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa dalili ba. Ya ɗauka in ya yi kuka ya butulce wa ƙaddara. Alhali Annabi Yaƙub, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa a Suratu Yusuf, a surar nan dai aka ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, ya bayyana masa cewa wannan rahama ce. Ina muka samo namu haƙurin da ya fi nasu tsauri?

Abin da aka danne kuwa sai ya nemi ƙofa. Fushin da ba ka iya sauke wa ɗan tasha ba, da dare yana sauka a kan uwargida saboda gishiri ya yi yawa, ko a kan yaron shago saboda canjin naira hamsin. Wani nasa ya fito ta rashin barci da ciwon kai, ya yi ta sayen magani a kemis. Matasanmu masu acaba da masu dako wasu suka koma wa tiramadol da maganin tari. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma abin da ke tura yaro ya nemi mantuwa yana nan inda yake. Su kuwa mata, da aka ɗauko daga cikin dangi aka ajiye a ɗaki ɗaya a gidan haya inda ba mai jin yarensu, nasu ya isa rubutu na daban, kuma su ya kamata su yi shi.

Kada a ɗauka mummuna kaɗai ake binnewa. Akwai wanda allo ko boko ya so a ransa, talauci ya fizge shi, yanzu in ɗansa ya ɗauko littafi sai ya ji haushin da bai san daga ina ba. Akwai mai taushin zuciya da aka yi ta kira ragon maza har ya koyi ɗaure fuska, 'ya'yansa na jin motsinsa su watse.

To a fara daga ina? A ganinmu, daga kiran abu da sunansa, ko da kai kaɗai ne bayan sallar isha'i: wannan tsoro ne, wannan kewa ce, wannan kunyar komawa gida hannu wofi ce. Mai iya rubutu ya rubuta, da boko ko ajami, in ya gama ya yaga. Amincewa cewa kana jin abu ba izinin aikata shi ba ne. Ka yarda kana fushi da yayanka, sannan ka zaɓi yadda za ka yi masa magana. Daga nan sai a nemi mutum ɗaya. A nan ne matsalar tamu take, don mutane ba don wauta suke shiru ba. Sun ga yadda sirrin wani ya fita daga bakin amini da hantsi, kafin la'asar ya kai teburin mai shayi, kafin mako ya isa ƙauyensu ta WhatsApp. Wanda aka zaɓa aka gaya wa, amana aka ɗora masa. Kuma ba dole sai ya yi wa'azi ba. In tun jimla ta biyu ka ce "sai haƙuri", ka rufe ƙofar da aka sha wuya kafin a buɗe.

Akwai kuma inda amini da malam ba su wadatar ba. In mutum ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da ya fita ransa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi ga likita, kada a tsaya jira. Asibitin koyarwa na UCH nan Ibadan yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Yaba a Legas, akwai na Aro a Abekuta. A Aro ɗin ne Dakta Adeoye Lambo tun 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Duk wanda nauyin zuwa shi kaɗai ko matsalar yare ta hana shi, ya same mu a keɓe, za a haɗa shi da mai raka shi, kuma wannan ba ya shiga littafin taro.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.