Yadda A Ke Nuna Wa Baƙo Gida

Dattawan ƙasar Katsina ba su manta da zamanin haraji ba. A kowace shekara malamin hakimi ya kan zo ƙauye da littafinsa, ya sauka a zauren dagaci, a tara masu unguwanni. Shi malamin nan baƙo ne, bai san lungu ba, bai san wanda ya yi sabon gida a bayan gari ba. Sabo da haka sai mai unguwa ya riƙa lissafa masa magidanta ɗaya ɗaya, yana rubutawa. Wanda bakin mai unguwa ya tsallake, to, littafi ma ya tsallake shi, kuma a lokacin ba wanda ya ke fushi don an tsallake shi. Gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, sa'ad da Katsina ta ke cikin Jihar Kaduna, kafin ta sami jiharta a 1987. Littafin ya tafi, amma wani irinsa ya zo, kuma wannan karon mutane ne ke neman a rubuta su.

A Makera, cikin ƙasar Dutsin-Ma, akwai wani maƙeri, tsohon hannu wajen garmar shanu da hauya da lauje da gatari. Masu sayen kayansa manoma ne daga wajen Kurfi da Safana, waɗanda su kan zo da kansu su ɗaga ƙarfe, su ƙwanƙwasa, su yi ciniki. Da 'yan bindiga suka addabi ƙasashen nan, musamman daga 2019, mutane suka rage tafiya in ba dole ba. Zugazugi ya kan yini ba a taɓa shi ba, kaya suna jingine a bango, ga iyali. Ɗansa na fari, wanda ya ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ya ce zai buɗe wa maƙerar gida a intanet, don wanda ya ke Kano ko Funtuwa ya ga kaya, ya buga waya, a ba direba ya kai masa. Ya yi wa kowane irin kaya shafinsa, da hoto da kuɗi. Makonni suka wuce, in ya rubuta sunan maƙerar a Google sai shafin farko kaɗai ya fito. Garma da hauya kuwa, ko alamarsu.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Google ba ya ganin intanet duka a kallo ɗaya. Yana da wani manzo, na'ura ce ba mutum ba, sunanta Googlebot. Aikinta ta shiga shafi ta karanta, in ta ga mahaɗi, watau ƙofar da ke kai mutum wani shafi, sai ta bi. Haka ta ke yawo dare da rana, tana kai labari a rubuta a babban littafi, kuma daga littafin nan a ke ba mai tambaya amsa. Yaron kuwa ya gina ɗakuna, amma bai huda musu ƙofa daga zaure ba, domin ya saba aika adireshin kowane shafi ga abokansa ta WhatsApp. Manzo ya zo zaure, ya duba, bai ga hanya ba, ya juya.

Da ya bayyana wa uban haka, tsohon ya ajiye masaba, ya ce, "Ashe manzon nan naku baƙo ne. To, ka yi masa abin da mai unguwa ya ke yi wa malamin haraji mana."

Yaron ya ce, "Wallahi Baba, akwai irin wannan takarda, an ma koya mana."

Taswirar gida a ke ce da ita, ko da ya ke ba zane a cikinta, jeri ne kawai na adireshin shafuka, an rubuta shi yadda na'ura za ta karanta. Kamfanin Google na Amurka ya fito da ita a watan Yuni 2005. A Nuwamba 2006 Yahoo da Microsoft suka yarda su bi tsari ɗaya da shi, don kada mai gida ya wahala da rubuta takarda uku. Takarda guda ba ta ɗaukar fiye da adireshi 50,000, nauyinta kuma kada ya wuce megabait 50. Wanda gidansa ya fi haka, kamar manyan jaridu, sai ya rarraba, sa'an nan ya yi wata takarda da ke lissafa takardun. Maƙeri dai bai kai nan ba.

Mai shafuka kaɗan yana iya rubuta ta da hannu, kowane adireshi cikakke, daga farkonsa har ƙarshe. Wanda ya gina gidansa da WordPress ma an hutar da shi, gama tun 2020 shi ke rubuta ta da kansa. Bisa al'ada a kan sa mata suna sitemap.xml, a ajiye ta a bakin ƙofar gida. Daga nan sai a sanar, ko dai a miƙa ta a Google Search Console, bayan mutum ya tabbatar musu gidan nasa ne, ko kuwa a rubuta inda ta ke a wata 'yar takarda mai suna robots.txt, wadda manzo ya ke fara dubawa in ya iso. Wannan hanya ta biyu an buɗe ta a 2007. Ba a biyan ko kwabo.

Wurin da uba da ɗa suka saɓa shi ne kwanan wata. A gefen kowane adireshi akwai gurbin rubuta ranar da aka gyara shafin. Yaron ya so ya riƙa sa kwanan ranar a kan duka, kullum, don manzo ya zaci sababbi ne ya yawaita zuwa. Uban ya ce ko kusa. Ya ce ya san mai unguwar da ya yi wa malami ƙarya sau ɗaya, daga shekarar nan sai da aka riƙa bin bayansa gida gida. Tsohon bai san intanet ba, amma maganarsa ta yi daidai da ta Google, wanda ya bayyana cewa yana aiki da kwanan nan ne in ya ga mai gida ya saba faɗin gaskiya a kansa. Akwai kuma gurbin da mutum zai nuna shafin da ya fi muhimmanci, da na yawan sauyawarsa. Google ya ce ba ya kula da su, kuma lalle da dalili, don kowa aka tambaya zai ce duk kayansa na ɗaya ne.

Har wa yau, miƙa takarda ba ya tilasta wa Google rubuta kowane shafi a littafinsa. Nuni ne kawai, manzo ya je ya duba, in ya tarar da ɗaki wofi ya wuce. Google ya ma ce ƙaramin gida, mai shafi 500 ko ƙasa da haka, in ƙofofinsa suna haɗe da juna, mai yiwuwa ba ya bukatar taswira. Sabo da haka yaron ya koma ya yi aikin da ya kamata tun farko. Ya jera sunayen kaya a zaure, kowane suna ƙofa ne. Ya cire shafin wani gatari da aka daina ƙerawa daga jerin, don kada a aika baƙo kufai. A shafin hauya ya ƙara kalmar fartanya, tun da mutumin Kano da ita zai nema.

Shafuka suka riƙa fitowa da ɗai ɗai, na garma ne ya fara. Kafin damina wani manomi ya bugo daga wajen Malumfashi, ya tambayi kaurin bakin garmar da irin ƙarfen da aka yi ta da shi, uban ya karɓi wayar da kansa, suka daidaita. Shafin lauje ne ya ƙi fitowa, domin hoto ne kawai a ciki, ba rubutu ko layi ɗaya. Yaron ya kawo lauje da ma'auni, uban yana faɗin tsawo da irin ƙota da abin da a ke yanka da shi, shi yana rubutawa.