Kafin mu hau Idanre da damina

Na ga ana ta ja-in-ja a guruf kan tafiyar Idanre da ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa ke shiryawa bayan jarabawa. Wasu sun ce a tashi ƙarfe goma tunda daga Akure ba nisa. Ni kam ban yarda ba, ga dalilina.

A Maroko na yi digirina na farko, kuma a can na hau Tubkal cikin watan Afrilu. Shi ne dutse mafi tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Daga ƙauyen Imlil ake farawa, kudu da Marakesh. A ƙauyen rana fes, itatuwa sun yi fure, sai ka rantse sanyi ya tattara ya tafi. Ashe dusar ƙanƙarar da ta zuba tun hunturu tana nan zaune a sama, tana narkewa sannu a hankali, ruwan kuma ta hanyar da za ka taka yake gangarowa. Ƙasa taɓo, sama ƙanƙara. Hatta alfadaran da ke ɗaukar kaya, inda dusar ta fara nan suke tsayawa.

Mun kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200. Ɗan jagoranmu (dole ne a ɗauke shi, ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai) ya tashe mu tun kafin asuba, ana ta ƙunƙuni. Hikimar ita ce, da daddare dusar na daskarewa ta yi tauri, ƙugiyoyin ƙarfen da aka ɗaura mana a ƙasan takalmi su kama ta da kyau. Da rana ta ɗaga sai ta yi laushi. Wurin da ya ɗauke ka da safe, bayan azahar sai ka nutse har gwiwa, wani wajen ma ruwa ne ke gudu a ƙarƙashi ya rarake ta, kai ba ka gani. Ɗan rafin da muka tsallake da taku ɗaya, da yamma sai da aka riƙe hannun juna. Wallahi duk faɗuwar da na gani ranar a saukowa aka yi ta, ƙafa ta gaji, hanya ta jiƙe.

To, na san Idanre ba dusar ƙanƙara, kuma ko kusa bai kai wancan tsayi ba. Amma damina ta kankama a nan kudu, kuma kun san hadarin garin nan ya fi haɗowa da yamma. Matakala sama da 600 ce, a sama kuma falalen dutse, in ya jiƙe santsinsa kamar an zuba karkashi. Mu kusan arba'in ne, har da waɗanda benen laburare ma sai sun huta a tsakiya. In mun fara hawa da tsakar rana, cikin ruwa za mu sauko.

Shawarata a tashi da an idar da sallar asuba, a sa lokacin juyowa tun daga ƙasa, ko an gama zagayawa ko ba a gama ba. Mai silifas ko takalmin zuwa biki ya nemi aron kambas mai gurzajjen ƙasa tun yanzu. In kuma an kwana ana ruwa, a ɗaga tafiyar, ko da kuɗin mota zai bi ruwa.

Zan kawo maganar a zaman Lahadi bayan la'asar. Mai ja ya zo mu yi ta a can.