Nasiha ga masu aikin ƙaramin jirgin ruwa a Jidda



Ina wata na biyu a Jidda na kai iyalan kafilina shan iska bakin Bahar Maliya. Don kada su jiƙa ƙafa, na matsa da jirgin har kusa da yashi, na jefa anka ɗaya kawai. Bayan la'asar iskar arewa ta taso ta juya jirgin, gindinsa ya hau duwatsun murjani, farfela ta lanƙwashe. Albashin wata guda aka yanke min. Wallahi kuɗin da Inna ke jira kenan a gida.

To ga abin da na koya. Tun daga nesa ka rage gudu ka duba launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne. Ka saki ankar gaba a kan yashi inda akwai zurfi, ka ja da baya a hankali, hancin jirgi na kallon teku. Igiya ta ninka zurfin ruwan sau 5 zuwa 7: in zurfin mita 2 ne, ka saki aƙalla mita 10. Ruwa ya kai ƙugu, kashe inji ka ɗaga shi sama, sannan ka sauka da anka ta biyu ka dasa ta a yashi ta baya.

In maigida ya ce matsa kusa, ka ba shi haƙuri cikin ladabi. Ƙafarsa za ta bushe, albashinka kuwa ba zai dawo ba.

Allah ya tsare mana guminmu.