Ɗuri Ɗaya: Maharban Zabi a Keffin Da

A da, da zarar an yanke dawa, gonakin bayan garin Keffi na zabin daji ne. Garke-garke suke fitowa kala da sassafe, da yamma su gangara rafi, magariba na yi su haye bishiya. Mai bin sawunsu kuwa bindigar toka ce a kafaɗarsa, wadda wasu ke kira adaka.

Ba maharba ne suka zaɓar wa kansu ita ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushi. Bayan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ƙa'idar ta zauna daram. Dokar makamai ta 1959 ma ajinta daban ta ware wa bindigar da ake ɗurawa ta baki. Na farkon da suka shigo ta bakin teku da yawansu ƙirar Birmingham ta Ingila ne. Daga baya maƙeranmu suka karɓi sana'ar.

Wurin zaɓe, bututu ake fara dubawa. Wanda aka yi da ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota shi ne abin so, domin famfon ruwa yana da ɗinki a jikinsa, kuma ta nan yake tsagewa ya tafi da yatsun mai shi. Mai saye zai busa ta baki ya ji ko iska na fita ta kafar wuta, ya zura sandar ɗuri ya ji ko akwai gargada a ciki. Sabuwa kuwa a jikin bishiya ake ɗaure ta, a cika mata ɗuri, a ja kunamar da igiya daga nesa. In ta jure, sai a yi ciniki. Mai neman tsuntsu yakan fi son mai faɗin baki, don harsashin ya bazu.

Ɗurin shi ne ainihin ilimin, kuma a ganina nan ake gane maharbi. Albarushi ne farko, a bi shi da tsumma, a danna da sanda har ya zauna. Sai harsashi, sai wani tsumman da zai hana shi zubowa. Da yatsu ake awo: a tsayar da sandar a cikin bututu, a ɗora yatsu a kan abin da ya rage a waje, a ce ɗurin yatsa uku ne ko huɗu. Wannan awon ne kuma ke tona asirin bindigar da aka manta aka yi mata ɗuri biyu. Na zabo ƙananan gutsattsarin darma ake sa wa, ko 'ya'yan boris ɗin keke. Sabon shiga yakan ɗauka yawan albarushi shi ne ƙarfi, alhali watsa harsashin yake yi, zabo ya fice ta tsakiya, kafaɗa ta kwana tana ciwo. Ba a kuma sake ɗuri bututu na hayaƙi, don tartsatsi kan laɓe a ciki. "Yaro, kau da fuskarka daga bakinta," shi ne karatun farko da dattijo ke yi wa mai koyo.

Gashin zabo sulke ne, shi ya sa kai da wuya ake nema. Maharban talotalon daji a Amurka, waɗanda wasunsu har yau da irin wannan bindiga suke fita don sha'awa, nan suke auna nasu tsuntsun.

To amma ɗuri ɗaya ne, kuma ba ya cin nisa. Dole maharbi ya matso, kuma a nan burtu ke aiki: ya ɗaura kan burtun a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai kamar mai kiwo, har ya isa inda harbi zai ci. Da bindigar ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, garken ya watse. Kafin ya sake ɗuri sun yi nisa. Biyu ko uku ya samu, sauran sun tafi su yi ƙwai da damina. Ina ganin girman wannan farauta, domin haƙuri da sanin daji ne ke cin nama a cikinta.

Abin da ya rage zabin ya fi bindiga ƙarfi. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991 gine-gine ke cin filaye daga Mararaba zuwa Masaka har Keffi, masu gawayi kuma suka sare bishiyoyin kwanansu. Bindigar ta koma hannun 'yan banga masu gadin ƙauyuka, sai kuma 'yan bindigar sarki a hawan sallah, waɗanda ɗurinsu albarushi ne da tsumma kawai.