Jan famfon da ke bayan injin wanki

Wannan makon maganar famfo na kawo muku, kuma na san wani zai ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da aikin famfo. Ku dai biyo ni.

Uwargida, in akwai injin wanki a gidanki, daure ki leƙa bayansa. A wasu sababbin gidajen da ake ginawa nan Minna, irin na wajen Bosso da Tunga da hanyar Chanchaga, za ki tarar da kan famfo biyu ƙasa-ƙasa a jikin bango. Ɗaya mai shuɗin hannu ne, na ruwan sanyi. Ɗayan mai jan hannu, bututunsa daga hita ya taho. Tiyon injin yana jone da shuɗin, jan kuwa yana nan baki buɗe, ba abin da ya tare ruwan sai ɗan hannun nan da ake murɗawa. Dalilin ba wani mai nisa ba ne. Tsofaffin injuna, da irin waɗanda ake ƙerawa don kasuwar Amurka, ta baki biyu suke shan ruwa. Mafi yawan na yanzu kuwa ruwan sanyi kawai suke ja, in ana son mai zafi su dafa abinsu a ciki. Mai aikin famfo ya ja layi biyu tun lokacin gini, injin ya zo ɗaya yake buƙata.

Haka na tarar a gidan hayar da muka koma. Kafin a shigo da kaya na ce wa mai gyaran famfo ya toshe mini jan. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai a rufe yake." Na nuna masa ɗana da ke ta tattaki yana kama duk abin da hannunsa ya kai. Tsayin famfon daidai ƙirjin yaron. Irin wannan hannun ba ya buƙatar ƙarfi, turawa ɗaya ce ruwa ya feso.

Ruwan da ya kai zafin digiri 60 yana iya cin fatar babban mutum har can ciki a cikin daƙiƙa kamar biyar. Fatar ƙaramin yaro ta fi laushi da sirantaka, don haka nasa ya fi sauri, kuma yaro ba ya ja da baya in ya firgita, tsayawa yake yana kuka ruwan na zuba a kansa. A wurin aikina na ga iyaye da yawa sun shigo da yaron da ruwan zafi ya ƙona, yawanci na tukunya ko na bokitin wanka, kuma kusan kullum an riga an shafe wurin da wani abu: man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, wani lokaci har baƙin man mota. Duk waɗannan ba su fitar da zafin da ke ci gaba da cin nama, sai ma su kawo datti su kuma wahalar da ma'aikacin da zai wanke ciwon. Abin da ya dace shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na tsawon minti 20 cur. Ba ƙanƙara ba, ita ma tana lalata fata. A cire rigar da ta jiƙe da awarwaro ko zobe kafin wurin ya kumbura, amma abin da ya manne da fata a bar shi. Kada a fasa bororo. A rufe da kyalle mai tsabta. In ƙunar ta taɓa fuska, tafin hannu, gaba, ko gaɓar da ke lanƙwasawa, ko ta fi faɗin tafin hannun yaron, to ba aikin kantin magani ba ne, a wuce Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa.

Wannan shi ne haɗarin da ido ke gani. Akwai na biyu, wanda ya fi jan hankalina saboda karatuna.

Bututun da ba a buɗe shi, ruwan cikinsa kwance yake wata da watanni. Ɗan sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da hukumar ruwa ke sakawa yana gushewa in ruwa ya daɗe, mu kuwa da yawanmu ma ruwan rijiyar burtsatse muke turawa tanki, wanda ba a sa masa komai ba. A hankali wani yauƙi yake taruwa a bangon bututun, a cikinsa ƙwayoyin cuta ke samun mafaka. Wadda aka fi tsoro sunanta Legionella. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ba ta rayuwa a ruwan da ya kai 60. To ki duba yanayinmu. A watan Maris da Afrilu, baƙin tankin da ke saman gida yana shan rana tun safe, ruwan da muke kira na sanyi ma da ɗuminsa yake saukowa. Hita kuwa a Minna ba ta da aiki sai lokacin hunturu, sauran watanni a kashe take da ruwa cike a cikinta. Ko lokacin da ake kunna ta, wuta na iya ɗaukewa kafin ruwan ya yi zafi sosai.

An gano wannan ƙwaya ne bayan wani taron tsofaffin sojojin Amurka da aka yi a wani otal a birnin Filadelfiya a watan Yulin 1976. Sama da mutum 200 suka kwanta da ciwon huhu mai tsanani, 34 suka rasu, ba a san musabbabin ba sai a Janairun 1977 da masanin ƙwayoyin cuta Joseph McDade ya gano ta. Yawanci ba ta hanyar shan ruwan ake ɗaukarta ba, kuma ba kamar mura ba ce da wani ke shafa wa wani. Shaƙar feshin ruwa ne ke kai ta huhu, irin wanda ke tashi daga shawa. Makahon bututun nan na bayan inji reshe ne na layin da ke kai ruwa banɗakinki, abin da ya taru a cikinsa yana iya komawa cikin babban layin.

Ba na so in tsorata kowa. An fi samun ɓarkewar cutar a manyan gine-gine, otal-otal da asibitoci, a gida ɗaya haɗarin ƙarami ne. Amma wa ke cikin gidan? Waɗanda ta fi kayarwa su ne waɗanda suka haura shekara 50, masu shan taba, masu ciwon suga, ciwon ƙoda ko tsohon ciwon huhu, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Gidajenmu kuwa ba su rabuwa da kaka ko baƙon da ya zo jinya. Alamominta suna bayyana cikin kwana biyu zuwa goma: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da na jiki, tari, wani lokaci gudawa da ruɗewa. Kowa zai ce maleriya ce ko taifod. Sai a zo kanti a sayi maganin maleriya, a haɗa da amoxicillin, alhali amoxicillin da danginsa ba su yi mata komai, domin a cikin ƙwayoyin halittar huhu take ɓuya inda ba su isa. Wasu magungunan daban ne ke kama ta, kuma likita ne zai rubuta su. Dattijon da ke zazzaɓi da tari, aka gwada ba a ga maleriya ba, ko aka sha magani kwana biyu numfashi na ƙara tsananta, a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa.

Za ki lura haɗarin biyu suna jan juna. Wanda ya rage zafin hita don tsoron ƙuna ya shimfiɗa wa ƙwayar tabarma. Ni dai shawarata a bar hita a kan 60, a toshe duk bakin da hannun yaro zai kai, sannan wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi a bokiti kafin mai zafi.

Toshewar kanta ba ta da wuya. Murfi ne mai zare a ciki, na tagulla, da 'yar roba a gindinsa. Bakin famfon injin wanki yawanci kashi uku cikin huɗu na inci ne, amma maigida ya tafi da kan tsohon tiyo wurin masu kayan famfo a gwada, don zaren ya kan bambanta. Kada a karɓi murfin roba mai araha, zafi yana sa shi ya saki. A kashe hita, a rufe ruwan da ke shiga cikinta, a ɗaura murfin da hannu har ya tsaya, a ƙara ɗan matsawa kaɗan da sifana. A sake ruwa, a goga busasshen kyalle a ga ko yana tsatsa. Ƙulle bakin da leda da robar taya, kamar yadda na sha gani, ba ya riƙe komai in aka buɗe.

Sai dai murfi ya tare yaro da yoyo ne kawai, ruwan yana nan kwance a bayansa. In gidan naku ne, ku sa mai gyara ya bi bututun zuwa inda ya rabu da babban layi ya yanke shi a can ya toshe, a huta gaba ɗaya. In na haya ne kuma mai gida bai yarda a fasa bango ba, a riƙa kwance murfin mako-mako ana sakin ruwan a bokiti na 'yan mintuna, lokacin da yara ba su kusa. Haka ma banɗakin baƙi da ba a shiga. Ranar farko da za a tayar da hita in sanyi ya shigo, a bar ta ta yi zafi sosai, a buɗe taga, a saki shawar ta zuba na ɗan lokaci ba kowa a ciki, sannan Baba ya shiga wanka.